Me Ya Sa Git Ke Barin Folda Maras Komai A Baya, Kuma Yaya Za Ka Magance Hakan?

Matasa da yawa a Kaduna yanzu a wayar hannu suke fara koyon rubuta manhaja. Daga Kawo zuwa Unguwar Dosa, Malali da Unguwar Rimi, za ka samu wanda bai mallaki kwamfuta ba tukuna, amma ya saka Termux a wayarsa ta Android, ya buga `pkg install git`, ya buɗe shafi a GitHub, yana tura ayyukansa. Wasu ɗalibai ne a Jami'ar Jihar Kaduna da ke Titin Tafawa Balewa ko a Kaduna Poly, wasu kuma sun shigo harkar ne ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Duk wanda ya ɗan daɗe a wannan hanya zai ci karo da matsalar da za mu yi bayani a kai yau.

Ga yadda take zuwa. Ka sauko da wata manhaja a ƙunshe cikin fayil ɗin zip ko tar.gz, ka warware ta, ka gwada, tana aiki lafiya lau. Sai ka shigar da ita cikin Git: `git init`, `git add .`, `git commit`, `git push`. Babu wani gargaɗi, babu jan rubutu. Washegari abokin aikinka ya yi `git clone` a tasa na'urar, ko kai da kanka ka ja aikin zuwa sabar da za ta riƙe shafin, sai manhajar ta ƙi tashi. Ko kuma ta tashi, amma da zarar wani ya yi ƙoƙarin ɗora hoto sai ta tsaya. In ka duba da kyau za ka ga foldar `uploads`, ko `logs`, ko `cache`, babu ita. Ba wanda ya goge ta. Tun farko Git bai ɗauke ta ba, saboda babu komai a cikinta.

Idan aikin kammala karatu ne za ka nuna a gaban malamai, ko shafin wani mai shago a Kasuwar Sheikh Gumi ne da ka riga ka karɓi kafin alƙalami a kai, wannan ƙaramar magana tana iya cin yini guda, da data, da mutunci.

Git bai san folda ba

Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, shi ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan da masu aikin Linux suka rasa damar ci gaba da amfani da BitKeeper kyauta. Bayan 'yan watanni ya miƙa ragamar ga Junio Hamano, wanda har yanzu shi ke kula da shi. Abin da Torvalds ya sa a gaba shi ne bin diddigin abin da ke cikin fayiloli: wane layi aka ƙara, wane aka cire. Folda a wurinsa ba wani abu ba ce mai zaman kanta. Adireshi ce kawai da ke nuna inda fayil yake.

Ka yi tunanin littafin da ake rubuta saƙonni a tashar mota ta Kawo. Ana rubuta kowane kaya da inda za shi: wannan kwali Kano, wancan buhu Zariya. Garin da ba a aika masa komai ba, sunansa ba zai fito a littafin ba, ba don an manta da shi ba, sai don littafin na kaya ne, ba na garuruwa ba. Haka Git yake. Lokacin da ka buga `git add`, yana rubuta sunaye ne a wani fayil mai suna `index` da ke cikin ɓoyayyar foldar `.git`. Kowane layi a wannan jeri fayil ne tare da cikakken adireshinsa, misali `public/css/style.css`. Foldar `public` da ta `css` sun shiga ne albarkacin `style.css`. Foldar da ba ta da fayil ko ɗaya ba ta da layin da za ta raɓa.

Daga wannan ne wasu halaye uku suka fito, waɗanda ke rikita sabon shiga. Na farko, `git status` ba zai taɓa nuna maka folda maras komai ba, zai ce maka komai daidai. Na biyu, idan ka cire fayil na ƙarshe a cikin folda da `git rm`, ko ka koma wani reshe da babu wannan fayil, Git zai ɗauke foldar gaba ɗaya. Na uku, kuma shi ya fi kama mutane: foldar da ke cike da fayiloli amma duk ka sa su a `.gitignore`, a idon Git ita ma fanko ce. Kai kana ganin hotuna ɗari biyu a `uploads`, shi ba ya ganin komai.

Wannan shi ne dalilin da ya sa a shafin GitHub babu maɓallin ƙirƙirar folda. Sai dai ka ƙirƙiri sabon fayil, ka rubuta sunan foldar, ka sa alamar `/`, sannan ka ba fayil ɗin suna. Haka kuma zip ɗin da kake saukowa daga GitHub, daga abin da Git ya sani ake haɗa shi, don haka foldar da ta ɓace a Git ba za ta dawo ta nan ba.

Ba duk tsare-tsaren adana tarihin manhaja ke haka ba. Subversion, wanda aka fara a shekarar 2000, yana ɗaukar folda a matsayin abu mai tarihinsa, ko da babu komai a ciki. Bazaar ma haka. Mercurial kuwa, sa'an Git ne a haihuwa, 2005, kuma halinsu ɗaya a wannan fanni. Shi ya sa masu kwaso tsohon aiki daga Subversion zuwa Git suka daɗe suna kuka da abin, har aka sa wa umarnin `git svn` wani zaɓi mai suna `--preserve-empty-dirs`, wanda ke jefa ɗan fayil a kowace folda maras komai don kada ta salwanta.

Me ya sa matsalar ta fi fitowa wajen shigo da aikin wani

Idan kai ka fara aiki daga tushe, ka san kowace folda da dalilinta. Amma ƙunshin da ka sauko da shi daban ne. Zip da tar duk suna iya adana folda maras komai, kuma masu rubuta manhaja sukan bar irin waɗannan foldoji da gangan: nan za a riƙa zuba hotunan da masu amfani suka ɗora, nan za a rubuta rahoton kurakurai, nan za a ajiye abubuwan wucin gadi. Manhajar tana zaton za ta tarar da su. Kai kuma da ka warware ƙunshin, suna nan a wayarka, don haka komai na tafiya. Matsalar ba ta bayyana a inda aka haife ta, sai a na'ura ta biyu. Daga nan ne ake fara musun nan da kowa ya sani: "Ai a wajena yana aiki."

Masu amfani da Laravel sun fi kowa sanin wannan. Idan foldar `storage/framework/views` ta ɓace, shafin zai tsaya da saƙon `Please provide a valid cache path`. Idan `bootstrap/cache` ce babu, zai ce dole foldar ta kasance kuma a iya rubutu a cikinta. Laravel na asali ya yi wa kansa rigakafi, kamar yadda za mu gani a ƙasa, amma ƙunshin da ya bi hannu uku ko huɗu, daga wannan waya zuwa waccan ta WhatsApp ko Xender, wani lokaci yakan iso babu ɓoyayyun fayilolin da ke riƙe foldojin, domin wani a hanya ya kwafi abin da idonsa ya gani kawai.

Don haka abu na farko, kafin `git add`, shi ne ka tambayi ƙunshin ko yana da irin waɗannan foldoji. A Termux ko a kowace Linux, ka shiga foldar aikin ka buga:

`find . -type d -empty -not -path "./.git/*"`

Zai jero maka duk foldar da babu komai a cikinta. Idan bai fito da komai ba, ka huta. Idan ya fito da sunaye, sai ka zauna ka yanke shawara a kan kowace ɗaya, domin ba dukansu ke da amfani ba. Wasu tarkace ne da mai aikin ya manta bai share ba.

Hanyar ɗan fayil mai tsaron gida

Maganin da ya fi yaɗuwa shi ne a ajiye wani fayil a cikin foldar, ko da shi ma babu komai a cikinsa. Git yana karɓar fayil maras komai, folda ce kawai ba ya karɓa. Sunan da aka saba ba shi shi ne `.gitkeep`:

`touch uploads/.gitkeep`

Idan foldojin suna da yawa, umarni ɗaya ya isa:

`find . -type d -empty -not -path "./.git/*" -exec touch {}/.gitkeep \;`

Mai wayar Android ya riga ya san irin wannan dabara ko da bai lura ba. Akwai fayil mai suna `.nomedia` da WhatsApp da wasu manhajoji ke ajiyewa a wasu foldoji. Babu komai a cikinsa, kasancewarsa kawai ke gaya wa wayar kada ta nuna hotunan wurin a galari. Amma akwai bambanci guda da ya kamata ka riƙe. Android ya san `.nomedia`, an gina shi ya gane sunan. Git kuwa bai san `.gitkeep` ba sam. Ba ya cikin littafin Git, al'ada ce kawai ta masu rubuta manhaja. Da za ka kira fayil ɗin `.ajiye` ko `.kar-a-goge`, aikin ɗaya ne. Ruby on Rails, alal misali, `.keep` yake amfani da shi. Ɗigon da ke farkon sunan shi ke ɓoye fayil ɗin, shi ya sa ba za ka gan shi a manhajar duba fayiloli ta wayarka ba sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, kuma a Termux sai da `ls -a`.

Ga foldar da za ta riƙa cika da abubuwan da ba ka son su shiga Git, kamar hotunan kwastomomi ko rahoton kurakurai, akwai hanyar da ta fi `.gitkeep` kyau, kuma ita Laravel ke bi. Ka ƙirƙiri fayil mai suna `.gitignore` a cikin foldar ita kanta, ka rubuta layi biyu:

`*`
`!.gitignore`

Layin farko na cewa a yi watsi da duk abin da ke nan, na biyu na cewa ban da wannan fayil ɗin. Ka ga foldar ta samu mai riƙe ta, kuma hoton katin shaidar wani kwastoma ba zai tsinci kansa a GitHub ba bisa kuskure. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne: abin da ya shiga tarihin Git da wuya ya fita, ko ka goge shi daga baya yana nan a tsofaffin kwamit.

A nan akwai wani rami da mutane ke faɗawa. Mutum ya sa `.gitkeep` a `uploads`, sannan a babban `.gitignore` na aikin ya rubuta `uploads/` da `!uploads/.gitkeep`, yana zaton ya gama. Ba zai yi aiki ba. Dokar Git ita ce idan ka toshe folda gaba ɗayanta, ba ya ma leƙa cikinta, balle ya ga abin da ka keɓe. Abin da za ka rubuta shi ne `uploads/*`, da tauraro, wato ka toshe abin da ke ciki ba foldar ba, sannan `!uploads/.gitkeep` ya biyo baya. Idan kana shakkar wane layi ne ke toshe wani fayil, `git check-ignore -v uploads/.gitkeep` zai faɗa maka.

A ganina, wurin da folda take da wata manufa da sabon mutum ba zai gane ba, gara ka ajiye `README.md` mai layi biyu da ke bayanin abin da ake zubawa a ciki. Ya riƙe foldar, ya kuma amsa tambaya.

Gara manhajar ta iya gina foldarta

Duk waɗancan dabaru faci ne. Idan kai ke da iko da rubutun manhajar, gyaran da ya fi ɗorewa shi ne kada ta dogara da cewa za ta tarar da foldar. Ta duba, in babu ta ƙirƙira. A Python layi ɗaya ne: `os.makedirs("uploads", exist_ok=True)`. A PHP akwai `mkdir` tare da `is_dir`. A rubutun girkawa kuma `mkdir -p logs cache uploads` ya wadatar, kuma `-p` ɗin na hana shi ƙorafi idan foldar tana nan.

Dalilin fifita wannan hanya shi ne ba Git kaɗai ke cinye folda ba. Wani zai buga `git clean -fd` don share tarkace, ya tafi da duk foldar da Git bai sani ba. Wani zai kwashe aikin da hannu. Wani zai goge foldar `cache` don samun fili a waya. Manhajar da ke gina wa kanta wuri ba ruwanta da duk wannan.

Inda ba a yarda ka ƙara ko ɗigo ba

Akwai yanayin da `.gitkeep` ba ya halatta, kuma shi ne asalin inda wannan batu ya fi zafi a duniyar manhaja. Masu haɗa Debian da Ubuntu suna ɗauko dubban manhajoji daga hannun marubutansu a ƙunshin tar, suna shigar da su Git don su yi musu gyare-gyare. A wurinsu, abin da ke cikin Git dole ya yi daidai da ƙunshin asali. Idan ka jefa `.gitkeep`, ka canza aikin mai shi, kuma duk na'urar da ke kwatanta biyun za ta ce akwai bambanci. Idan ka bar foldar ta ɓace, nan ma akwai bambanci. Gaba kura, baya sayaki.

Kuma ɗan fayil ɗin ba kullum yake zama shiru ba. Wata manhajar tana karanta duk fayil ɗin da ta tarar a wata folda a matsayin saiti. Wata tana da gwajin da ke tabbatar da yadda take mu'amala da folda maras komai, kuma da ka sa wani abu a ciki gwajin ya rushe.

Mutanen Debian suna da hanyoyinsu. Akwai `pristine-tar`, wanda Joey Hess ya rubuta, da ke adana ɗan ƙaramin bayani a wani reshe na Git, wanda da shi za a iya sake haɗa ƙunshin asali daidai yadda yake. Akwai kuma fayil ɗin `debian/dirs`, inda mai haɗa manhaja ke jera foldojin da yake son a ƙirƙira a lokacin gini. Ka lura, wannan ita ce dai dabarar `mkdir` ta sama, an mayar da ita ƙa'ida.

Ubuntu kuwa, a kayan aikinsu mai suna git-ubuntu da ke shigar da tarihin manhajojinsu cikin Git a Launchpad, sun bi wata ƙofa ta baya. Gaskiyar magana ita ce can cikin rumbun Git akwai yadda za a wakilci folda maras komai. Git yana adana abin da ke cikin fayil a matsayin `blob`, yana adana jerin abin da ke cikin folda a matsayin `tree`. Babu abin da ya hana a samu `tree` da ba shi da jeri ko ɗaya. Har lambarsa sananniya ce, iri ɗaya a kowace ma'ajiyar Git ta yau da kullum a duniya: `4b825dc642cb6eb9a060e54bf8d69288fbee4904`. Da umarnin ƙasa-ƙasa irin su `git mktree` za ka iya dasa shi a cikin kwamit, kuma abin da git-ubuntu ke yi ke nan don tarihin ya dace da ƙunshin asali. Sai dai `index` ɗin nan da muka ambata bai da gurbin ajiye shi. Da zarar wani ya yi gyara ya buga `git commit` na yau da kullum, sabon kwamit daga `index` ake gina shi, sai foldar ta sake zamewa ba tare da kowa ya nema ba. Saboda haka wannan hanya ta masu kayan aiki na musamman ce da ke sa ido a kan abin. Kada ka ɗauko ta don aikin makaranta ko shafin kwastoma.

Abin da ya shafe ka a nan shi ne: idan ka shigo da manhajar wani da niyyar riƙa karɓar sabbin fitowarta nan gaba, ka ajiye ƙunshin asali a gefe yadda yake. Kwamit na farko ya zama abin da ka sauko da shi tsantsa, ba ƙari. Sannan a kwamit na biyu ka sa fayilolin riƙe folda ko rubutun `mkdir`, da saƙo bayyananne. Ranar da sabuwar fitowa ta zo, za ka san wanne ne naka, wanne ne na mai shi.

Gwajin minti biyu kafin ka tura

Tunda matsalar a na'ura ta biyu take fitowa, ka ƙirƙiri na'ura ta biyun a cikin wayarka. Ba ya buƙatar data ko kaɗan. Bayan ka yi kwamit, daga cikin foldar aikin ka buga:

`git clone . ../gwaji`
`diff -rq -x .git . ../gwaji`

Umarnin farko zai yi sabon kwafi daga abin da Git ya sani kawai, daidai abin da abokin aikinka ko sabar za su samu. Na biyu zai kwatanta shi da naka. Duk layin da ya fara da `Only in .` yana nuna abin da ke wurinka amma bai bi Git ba. Wasu za ka gane da gangan ka bar su, kamar `node_modules`, `vendor` ko `.env` mai ɗauke da kalmomin sirri. Idan ka ga sunan foldar da manhajar ke buƙata a jerin, ka koma ka gyara tun kafin `git push`. Sannan ka shiga `../gwaji` ka tayar da manhajar daga can, ka gwada ɗora hoto ɗaya.

Ga masu Termux, ku yi wannan duka a cikin gidan Termux, wato inda `cd ~` ke kai ku, ba a `/sdcard` ba. Ma'ajiyar waya ta gama-gari ba ta riƙe izinin fayiloli yadda Linux ke yi, kuma tun daga Git 2.35.2 da ya fito a Afrilun 2022, Git yakan ƙi aiki a foldar da yake ganin ba taka ba ce, ya ba ka saƙon shakkar mallaka. Idan zip ɗin yana foldar saukarwa, ka kwafo shi gida da `cp` kafin ka warware shi. Da ka gama gwajin, `rm -rf ../gwaji` zai mayar maka da filinka, amma ka karanta sunan sau biyu kafin ka danna, domin wannan umarni ba ya tambaya.